Biyu-Bakwai, Bakwai-Biyu

Laraba ce, bayan la'asar.
Ruwan Agusta ya ɗauke a Heipang,
gonakin dankali na tururi.
Ni kaɗai a hasumiya,
da shayin da Pwajok ya bari tun safe.

Jirage biyu a hannuna,
ko da yake ban taɓa riƙe fiffiken ko ɗaya ba.
Murya ce jarina,
siririyar igiyar da nake jan ƙarfe da ita
daga bayan gajimare.

Ɗaya ƙarami, ɗaliba ce daga Zariya,
tana zagayen fili karo na uku,
muryarta kamar mai biya karatu.
Lambarta ta ƙare da biyu-bakwai.
Ɗayan babba, daga Legas, rai arba'in da shida,
ana jin gajiyar matuƙinsa tun a gaisuwa.
Tasa ta ƙare da bakwai-biyu.

Na ba babban izinin sauka.
Harshen da muke aiki da shi
ba ya raba "ka" da "ki".
Da da Hausa na faɗa,
da harafi ɗaya ya raba gardama.

Su biyu suka danna rediyo lokaci guda.
Ƙara ta soke ni a kunne
kamar an ja ƙusa a kan kwano.
Daga ƙarshenta wani guntun "na ji" ya faɗo,
na tsince shi, na sa a aljihu,
ban tambayi mai shi ba.
Kunne ma yana da kwaɗayi:
abin da yake so, shi yake ji.

Da na ɗaga madubin hangen nesa
sai ga su ta wajen duwatsun Riyom,
ɗaya bisa ɗaya,
shirwa da ɗan tsako,
sai dai wannan shirwar ba ta san da shi ba.
Cikinsa ya rufe masa ƙasa,
fiffikenta ya rufe mata sama.
Kowa na kallon titi ɗaya,
kowa da tabbacin nasa ne.

Ban san muryar da ta fita daga bakina ba.
Tashi! Koma sama! Yanzu!
Tagogin hasumiya suka amsa rurin injin,
shayin Pwajok ya yi rawa a kofi.
Ƙaramin ya yi tangal-tangal
kamar ganyen masara a bakin guguwa.

Shiru.
Na ƙirga huɗu. A cikin huɗun nan na tsufa.

Sai ita, a hankali:
"Hasumiya, ni ce na yi kuskure?"
Shi kuwa: "Yanzu na gan ta."
Bai ƙara ko kalma ba.

A ƙasa, wani mai babbar riga
na faɗan an ɓata masa minti goma sha biyu.
Mai karas a bakin ƙofa na ba da canji.
Ba wanda ya san an ɗaga masa ƙafa.

Takardar rahoto na da ɗan gurbi: tazara.
Na rubuta ƙafa ɗari biyu.
Daga ƙofar gidana zuwa shagon Ɗanjuma ya fi haka.

Da magariba muka kunna faifan,
ni da shugabana, Madam Kangyang.
Na shirya jin kuskuren yarinya.
Sai ga muryata, tas, ba gargada,
cike da natsuwar shekara goma sha tara:
"Biyu-bakwai, titi naka ne."
Ta mayar da faifan baya. Bai canja magana ba.

Na isa Bukuru an riga an zuba tuwo.
Uwar yara ta ɗaga murya daga kicin,
tana nufin Saratu, ta kira Suwaiba.
Su biyu suka amsa,
su biyu suka taso a guje,
suka yi karo a bakin ƙofa, suna dariya.

Na ajiye lomar da ke hannuna.